Sahura da Faifai Masu Haƙora

Sahura 'yar Tungar Daji ce, can ƙasar Anka, kuma tun tana budurwa ba a taɓa yabonta da haƙuri ba. Abin da aka san ta da shi ido ne da ƙidaya. Ko allo ba ta riƙe da kirki ba, amma in ta dubi zanen jikin ƙwarya sau ɗaya za ta gaya maka layi nawa ne da inda mai sassaƙar ya yi ha'inci. Ta auri Jatau, manomi da damina, da rani kuma ya shiga rami neman zinare kamar sauran mazan garin. Shekarar da ramukan suka yi albarka, maza suka riƙa kwaso dutse a buhu har tsakar gida, mata na dakawa a turmin gero, ƙura na tashi tana kwanciya kan tuwo da tabarma da tafin yara. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Sahura ta daka nata, har ta fi maƙwabtanta ƙwazo, kuma ba ta yafe wa kanta wannan ƙwazon ba har yau.

'Ya'ya uku gare ta. Biyu suka tafi cikin mako guda, da jijjiga da sanƙarewa. Ta ukun, Nusaiba, tana da shekara uku aka ɗauke ta a mota zuwa Anka, inda aka kwantar da yaran da gubar ta kama. Kusan wata guda suka yi a can.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wurin, Zubaida, mai son surutu kamar an biya ta. Ita ta shigo da kayan wasa iri biyu don yara su daina kuka. Na farko wani jan akwati ne mai gilashi da maɓalli biyu: ka murza na hagu layi ya tafi gefe, ka murza na dama ya hau sama, in ka kife shi ka girgiza zanen ya ɓace. Zubaida ta ce wani Bafaranshe mai aikin lantarki ya ƙirƙiro shi, kuma wani gari ne mai launin toka ke manne da gilashin daga ciki, wani tsinke na kankare shi. Da ta yi shiru da an zauna lafiya. Matan da garin dutse ya kashe wa 'ya'ya suka ji an ce gari mai launin toka, kafin la'asar akwatin yana bayan katanga.

Na biyun kwali ne cike da 'yan faifai na roba, kowanne bakinsa da haƙora kamar na zarto, jikinsa duk huda, sai wani babban zobe mai haƙora ta ciki. A kafe zoben kan takarda da fil, a sa faifai ɗaya a cikinsa haƙori ya shiga haƙori, a zura biro cikin huda, a tura. Faifan na birgima jikin zoben, biron na tafe yana lanƙwasa, sai ga fure ya fito wanda hannu ba ya iya yi. Zubaida ta ce wani injiniya ne a Ingila ya mai da shi abin wasan yara, shekara arba'in da 'yan kai kafin nan, amma tun zamanin kakanninsa masana lissafi na ƙera irinsa da ƙarfe don aikinsu. Yaran ba su kula shi ba, jikinsu ba ƙarfi. Sahura ce ta zauna da shi kowace rana, don in hannunta bai sami abin yi ba sai ta tuna turmi. Ranar sallama Zubaida ta cusa mata kwalin cikin ƙullin kayanta.

Bayan shekara biyar rami ya rufta da Jatau. Da hanyoyin ƙauye suka lalace da 'yan bindiga, Sahura ta ɗauki ɗiyarta da kwalinta ta koma Gummi, ta sami ɗaki bayan wani injin casar shinkafa, ta shiga ɗinkin zare a kan zanin gado da rigar filo.

Nusaiba ta rayu, amma dalmar ta bar mata shaida. Maganarta a hankali take fitowa, hannayenta kuma rawa suke yi ba dare ba rana. In ta ɗauki kofi rabin ruwan a ƙasa zai ƙare. Allura ba ta zaruwa gare ta, saƙar faifan kaba ta gagare ta, talla kuwa sau ɗaya aka gwada, aka kwashe ƙosai daga cikin kwata. Matan unguwa na cewa Allah sarki a gabanta, su juya baya su ce wa zai kwashi wannan. Sahura na jin su sarai, tana kuma ajiye sunan kowace.

Ranar da yarinyar ta zura biro cikin hudar faifai, tana da shekara goma sha biyu, faifan ya zame, biro ya yaga takarda. Haka aka yi ta yagawa wata da watanni. Sannan ta gano abin da uwarta ba ta lura da shi ba: in ka jingina faifan da haƙoran zobe maimakon ka danna shi ƙasa, haƙoran ne ke riƙe hannun. Rawar na nan, amma ba ta da inda za ta kai biron. Daga takarda suka koma farin yadi. Nusaiba ta zana, Sahura ta bi layin da zare ja ko kore. Cikin shekara huɗu sai da ta kai uwar amarya ba ta jin ta gama kayan ɗaki in ba ta da filo mai furen gidan Sahura. Shi ne abu ɗaya tak a duniya da Nusaiba ta fi kowa iyawa, kuma Sahura ta san ranar da ƙasa ta rufe idonta, shi kaɗai zai hana ɗiyarta zama abar tausayi a ƙofar gidajen mutane.

Ita Sahura ta daɗe da ƙidaye haƙoran duka. Zoben casa'in da shida ne. Faifai mai talatin da biyu ganye uku yake bayarwa, mai talatin da shida ganye takwas, mai arba'in goma sha biyu. Hudar da ke kusa da baki na fidda ganye mai tsini, ta kusa da cibiya mai kumbura. Kuma kowane fure, komai yawan zagayensa, sai layin ya komo daidai inda ya tashi ya haɗe.

Wannan haɗewar ce ta jawo musu bala'i.

Wata mata ce Turai, mai tuwon sayarwa a bakin tasha, ta sayi rigar filo huɗu don ɗiyarta Sa'a. Wata biyu da tarewa amarya ta kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, tana sambatu. Maimakon asibiti, Turai ta kwashi kayan ɗakin ta kai wa wani mai magani a bakin kasuwa, irin waɗanda ba su taɓa duba abu sun ce lafiya lau ba. Ya ɗora yatsa kan zaren ya bi shi, ya bi shi, ya komo inda ya fara. Ya ce ga shi nan, layi ba kai ba gindi, ƙulli ne, an ɗaure kan yarinya tana barci a kansa. Ya ƙara da tambayar da ta fi zanen cutarwa: yarinyar da ba ta iya kai loma baki sai ta zubar, wa ke riƙe mata hannu?

Kwana uku maganar ta gama unguwa. Mata biyar suka maido da kayan da suka saya, wata ma daga bakin ƙofa ta wurgo nata. An daina ɗibar ruwa a famfo in Nusaiba na kusa. Ran na huɗu Magaji, mai unguwa, ya aiko a gaya wa Sahura ta zo zaurensa da hantsi, ita da ɗiyar da kayan aikin, kada ta bar ko ɗaya a gida.

Da suka isa zauren ya cika, har da masu leƙe ta taga. Magaji na kan buzu, gefensa Malam Labbo limamin unguwa, tsoho mai ƙarancin magana wanda shi ake kira in za a raba gado. Turai na durƙushe bakin ƙofa, gabanta kasko cike da garwashi. Ba wanda ya ce ta kawo shi, ba kuma wanda ya ce ta fitar. Sahura ta dubi garwashin, ta dubi kwalin da ke hannunta. Roba ce tsohuwa, ko kusa da wutar aka kai ta za ta lanƙwashe, kuma ba ta taɓa ganin irinta a kasuwar Gummi ba.

"Sahura," in ji Magaji, "kin ji abin da anka ce. Ni ban ce kin yi ba, ban ce ba ki yi ba. Amma in ba a gane kan wanga abu yau ba, wuta za shi, mutane su samu barci."

"Ranka shi daɗe, kayan wasan yara ne. Asibiti anka ba ni shi."

"Wasan yara," in ji Turai. "Ɗiyata tana can ba ta san wanda ke kanta ba, ke kina wasa."

"Kin kai ta asibiti, Turai, ko har yanzu filon kike kai wa likita?"

Wani ya yi dariya a taga ya haɗiye ta. Magaji ya ɗaga hannu. "Bakinki, Sahura. Nuna muna."

Ta shimfiɗa yadi kan katako, ta kafe zoben da fil huɗu. A nan ta yi wautar da masu wayo ke yi. Ta ɗaga faifai ɗaya sama ta ce, "Wanga ganye takwas za shi ba da, sai ya zagaya sau uku shi rufe." Ta tura biro. Sau uku ya zagaya, ganye takwas suka fito, layi ya haɗe. Ta ɗago kai tana jiran a yaba.

Mutane suka dubi juna.

"Kun ji ko," Turai ta faɗa a hankali. "Tun ba a zana ba ta san mi za ya fito. In ba duba ba, mi ne ne wannan?"

Aka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce a ƙone kawai a huta. Turai ta jawo kaskon gaba da gefen zaninta, har Sahura ta ji zafinsa a ƙwaurinta. Nusaiba na bayanta, hannayenta na kaɗawa kan cinya kamar an jona su da injin casa.

Sahura ta duƙa, ta tsinci gawayin da ya faɗo daga kaskon, ta ɗauki faifai mai haƙora talatin da biyu ta shafa wa haƙori ɗaya baƙi. Ta tura katakon gaban liman.

"Allah shi gafarta Malam, ni ban yi karatu ba. Kai ka ƙidaya. Haƙoran zoben nan nawa ne?"

Malam Labbo ya dube ta, ya dubi Magaji, sannan ya ciro tsinken sakace ya shiga bin haƙoran ɗaya ɗaya. Bai yi sauri ba. Ya ɓata a tsakiya ya sake daga farko, mutane na tsaye suna sauya ƙafa.

"Casa'in da shida."

"Na ƙaramin fa?"

"Talatin da biyu."

"To ka dubi baƙin haƙorin. Duk sanda ya taɓa zobe, ganye ɗaya ke nan."

Ta mirgina faifan da yatsa, ba biro. Baƙin haƙorin ya bar wurinsa, ya juyo ya taɓa zobe, ya bar ɗigon gawayi. Ya sake juyowa ya bar na biyu. Na ukun ya sauka daidai kan inda ya tashi.

Malam ya daɗe yana kallon ɗigon ukun. "Sulusi ne," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Talatin da biyu sau uku. Dole shi komo gida, ba ya da wani wurin zuwa." Ya ɗauki mai talatin da shida, ya motsa leɓe yana lissafi da gaɓoɓin yatsunsa. "Wanga ba ya shiga casa'in da shida daidai. Sai an zagaya uku su haɗu. Takwas." Ya ɗago. "Magaji, wagga ba duba ba ce. Irin lissafin da muke yi ne in magada sun yi yawa."

"Mun ji na lissafi," in ji Turai. "Hannun fa? Malam, ka dubi hannun yarinyar can ka gaya mini ita ke yi."

Wannan kam ba ta yi ƙarya ba, kowa na ganin hannun. Malam Labbo ya ce a ba shi biron, in abin na haƙora ne kowa ma zai iya. Ya yi bisimilla, ya zura, ya danna da ƙarfin mai rubutun allo. Bai kai rabin zobe ba faifan ya yi tsalle, biro ya ja wani dogon layi ya fita waje. Ya gyara ya sake. Ya sake zamewa, har fil ɗaya ya tsinke.

Sahura ta rufe ido. Ta san abin da ke zuwa, kuma ya zo.

"Hannun malami lafiyayye ya kasa," Turai ta ce, kuma da gaske ta yarda da abin da take faɗi. "Hannun da aka yi bisimilla da shi ya ƙi. Na wagga kuwa yana yi. Ranka shi daɗe, mi kake jira?"

Magaji ya miƙa hannu wajen kwalin. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne mai son a watse kafin azahar.

"Malam."

Nusaiba ce. Rabin mutanen zauren ba su taɓa jin muryarta ba. Kanta na ƙasa, kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jawo guga.

"Kana... dannawa. Kar ka danna. Jingina shi... da haƙoran. Kamar ka jingina da bango."

Hannun Magaji ya tsaya kan murfin kwalin. Malam Labbo ya dubi yarinyar, ya ce, "Taho ki nuna mini, ɗiyata."

Ta matso da gwiwa. Sai da ta yi sau uku kafin bakin biron ya sami hudar. Da ya shiga, ta tura faifan ya manne da zobe, ta fara. Tsintsiyar hannunta na karkarwa kowa na gani, har gyalenta na motsi, amma faifan na tafiya haƙori bayan haƙori da 'yar ƙararsa, layin na fita sumul. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Ya rufe.

"Shekara nawa kina yi?" Malam ya tambaya.

"Huɗu."

"Kin yaga nawa kafin ki iya?"

Sahura ce ta amsa. "Buhu guda, Allah shi gafarta Malam. Da su na riƙa hura wuta."

Malam ya karɓi biron karo na uku. Wannan karon ya tura gefe, a hankali, harshensa a waje kamar mai zare allura, Nusaiba na ce masa sannu, sannu, kar ka ɗaga. Furen da ya fito ya karkace ta gefe ɗaya, wani ganyen ya fi wani ƙiba, amma ganye takwas ne kuma layin ya haɗe. Ya ɗaga yadin ya nuna wa zaure.

"Ga nawa. In ƙulli ne, ni ma na ƙulla. Turai, ki ɗauki ɗiyarki ki kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Ki fitar muna da wutar nan, zaure ya yi zafi."

Da a nan aka tsaya da Sahura ta tafi gida da kanta a sama. Amma Magaji ya san unguwarsa, ya san waɗanda ke taga ba duka suka ga ɗigon gawayin ba, kuma gobe mai maganin kasuwa na nan inda yake. Ya tura wa Sahura kwalin, ya ce sharaɗi ɗaya: daga yau duk furen da zai fita daga gidanta a bar masa ƙofa. Kada layi ya haɗe. A tsaya saura kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kowa ya ga kai ya ga gindi.

Sahura ta buɗe baki za ta ce ƙofar ta fitar wa ce, aljani ko wautar mutane. Ta ji yatsun Nusaiba sun kama bakin zaninta suna rawa. Ta rufe bakin, ta ce ta ji ta gode, ta rungumi kwalin suka fito ta tsakiyar mutanen da ɗazu ke cewa a ƙone.

An kai Sa'a asibiti, aka ce zazzaɓin taifot ne, ta yi kwana tara ta tashi. Turai ba ta zo ba da haƙuri ba, Sahura ma ba ta sa rai ba. Cikin mata biyar da suka maido kaya, uku sun komo suna 'yan kame-kame, biyu har yau sai su sauya hanya. Aiki ya dawo, ko da yake bai kai na da ba.

Wahalar sharaɗin kan Nusaiba ta faɗa. Tafiya cikin haƙora ba ta yi mata wuya, tsayawa ce ke yi, don da zarar ta sassauta turawa rawar ke karɓe biron. Wata biyu ta yi tana ɓata yadi a daidai wurin nan kafin ta koyi ɗauke numfashi ta cire biron sama cak, saura ƙwayar shinkafa. Yanzu iyayen amare in sun zo saye sukan juya rigar filon a hannu suna neman ƙofar, in sun gan ta su yi ajiyar zuciya su biya. Sahura na zaune da zarenta tana kallon su, ba ta taya su nema.